Yawon buɗe ido da ƙananan yara: iyaye mu rage dogon buri

Edita, assalamu alaikum. Dan Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana da iyaye 'yan uwana masu shirin kwasar yara zuwa yawon buɗe ido a babban birni, don ni dai na je na ɗanɗana, kuma da hannuna na jawo wa kaina wahala.

Hutun da ya wuce muka je Landan, ni da maman yara da yaranmu uku, babban shekararsa 8, mai bi masa 5, sai 'yar auta da ba ta cika 3 ba. Tun kafin mu tashi na zauna da biro da takarda na jera wurare har shida da za mu gani a rana ɗaya, wai ni mai tsari, maman yara ta kalli takardar ta kalle ni ta ce Allah Ya ba da sa'a, ban gane habaici ba ne sai daga baya.

Ranar farko muka tsaya gaban hasumiyar agogon nan da kowa ke cewa Big Ben, na gyara murya na fara lacca, ina gaya musu ai Big Ben sunan ƙararrawar da ke ciki ne ba na ginin ba, nauyinta ya haura tan 13, tun 1859 take bugawa. Ina juyowa wallahi ba mai saurare na, su ukun sun duƙa suna kallon wata tattabara mai ɗingishi. Na ce ku ɗaga kai mana, na tsakiyan ya ɗaga sau ɗaya ya ce Baba fitsari. Shikenan lacca ta tashi, muka shiga neman banɗaki.

Abin da ban lissafa ba shi ne yaro ba abin da kake gani yake gani ba. Kai kana hangen gine-gine, shi kuwa a cikin cunkoso ƙafafun mutane da jakunkuna kawai ke gabansa, taku ɗayanka kuma nasa biyu ne ko uku. Ga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe tun 1863, tashoshi da yawa tsofaffi ne babu lif, haka na rinƙa cicciɓar keken auta da ita a ciki tana barci ina hawa matakala, ga jaka a baya, ga gumi cikin sanyi. Kafin la'asar wuri uku kawai muka taɓa, yara na kuka, ni da uwarsu kowa ya tsuke baki. Hotunan ranar ma kunyar nuna su nake, ba mai fara'a ko ɗaya.

Washegari maman yara ta karɓe ragamar, ta ce wuri ɗaya tak. Muka tafi gidan tarihin halittu da ke Kensington, muna shiga zauren sai ga ƙasusuwan wata dabbar teku a rataye sama da kawunanmu, irin wadda ba dabbar da ta kai ta girma a duniya, tsawonta mita 25. Auta ta saki hannuna ta kwanta rigingine a ƙasa tana kallon sama baki buɗe, na so in ɗaga ta saboda mutane na wucewa, uwarta ta ce ƙyale ta. Babban ya tsaya ƙirga haƙarƙari yana ɓata lissafi yana sakewa, yana ta tambaya ko za ta iya haɗiye mota. Mun fi rabin awa a wurin nan, ba wanda ya ce ya gaji. Daga nan sai filin shaƙatawa suka yi ta guje-guje, muka dawo masauki a saman bas mai hawa biyu, kujerar gaba, na tsakiyan yana tuƙi da sitiyarin ƙarya.

Ƙaton lilon nan na London Eye ma da kaina na soke shi, da na ji zagaye ɗaya kusan minti 30 ne kuma ba sauka sai ya gama, ni kuwa na san mutumina da fitsari.

Sai maganar ɓata, wannan ba wasa. Kullum da safe mukan ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, mu rubuta lambar waya mu sa masa a aljihu, mun kuma koya musu in ba ku gan mu ba ku tsaya cak inda kuke. Wajen shiga jirgi uwarsu a gaba, su a tsakiya, ni a ƙarshe, don ƙofar ba ta jiran kowa.

Da muka dawo kakarsu ta tambaye su me suka gani a Landan, na kasa kunne ko wani zai ambaci Big Ben ɗina. Babban ya ce ƙashin dabba, na tsakiyan ya ce shi ya tuƙa bas, auta ta ce tattabara.

Na gode Edita, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka, wani uba mai 'ya'ya uku.