Amsa ga Baba Alhaji, tsohon shugaban tasharmu ta mota

Baba Alhaji, gaisuwa irin ta ɗa da uba.

Ban ji shirin rediyon da kunnena ba, ta WhatsApp aka turo mini muryarka, kafin la'asar kuma har a Kasuwar Dole ana maimaita ta. Tunda a bainar jama'a ka yi tambaya, a nan zan amsa. Ka ce tun da aka ba ni tashar nan na shigo da kwamfuta na kori iyayena da suka gina kamfanin da guminsu. Ka ce in faɗa wa duniya inda kuɗin horo suka shiga. Ka rufe da cewa kai har yau ba ka gane ba, ɗan Damagaram ne ni ko ɗan aiken Yamai.

Zancen kuɗin horo ba zai ci mana lokaci ba. Takardu suna wurin akawu, ofishin kuma ba baƙonka ba ne, kai ka zaɓi fentinsa. Ka zo ka duba, za a ɗora maka shayi.

Maganar iyayena ce ta hana ni barci. Ranar da aka ce a shigar da sunan kowane ma'aikaci cikin na'ura, sai da lambarsa ta CNSS, asusun fanshon ma'aikata, take karɓar suna. Nan asiri ya tonu. Dattawan da ke lodin kaya tun ina makarantar firamare, da yawansu ba su da lamba, domin ba a taɓa rubuta su ba. Da yamma ake buɗe aljihun tebur a miƙa musu abin da ya samu. Mutum ya kai shekara 60, baya ya sare, ya je neman fansho a ce ba a san shi ba. Dokar ƙwadago ta 2012 tana nan a zamaninka, ba ni na rubuta ta ba. Mafi ƙarancin albashi jika 30 ne da ƴan kai kafin a mai da shi jika 42 a Janairun 2024, kuma akwai waɗanda ko na farkon ba su kai ba. To Baba, tsakanin wanda ya bar su haka da wanda ya rubuta su, wa ya ci amanar iyaye?

Ban ce sun karɓe ni da guɗa ba. Jita-jita ta riga ni isa, wai na'ura za ta maye gurbin kowa. Shi ya sa ban manna sanarwa a bango ba. Na bi su rukuni-rukuni, masu lodi bayan motar asuba ta tashi, masu sayar da tikiti da hantsi, direbobi duk inda na kama su, kuma wakilin ma'aikata yana zaune a kowane zama. Na faɗa musu abin da aka riga aka yanke daga sama, wanda ba ni da ikon juyawa, da abin da ya rage a hannunmu. Da aka saki jiki sai ta bayyana ba kwamfutar suke tsoro ba. Ɗan na goron da ke fitowa daga awon kaya da kujerar da ba a rubuta ba, shi ke cika tukunyar gida, na'ura kuwa za ta toshe shi. Wanda duk ya toshe wannan ƙofa bai buɗe ta albashi ba, yunwa ya aika wa iyalin mutane. A kan haka na yi ta kai ruwa rana da manyana har aka gyara albashin kafin a kunna na'urar farko.

Ka leƙo tagar tikiti ka ga dattijon nan da ka ce na wulaƙanta. Yana nan da tabaronsa mai ɗaurin zare, da yatsa ɗaya yake danna haruffa, gefensa wani yaro da ya gama Jami'ar André Salifou. Yaron ya san na'ura, shi kuwa dattijon ya san wace Hajiya ce ke aika kilishi Dosso duk wata, da wanda in ya ce zai biya gobe to zai biya. Na haɗa su ne don kowa yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Waɗanda idonsu ya gaza aka mai da su sashen saƙonni da albashinsu cikakke. Waɗanda suka tafi, su da sufeton ƙwadago sun san dalili, kuma don mutuncin ƴaƴansu ba zan faɗa ba.

Kana yabon zamanin littafin tikiti. Ni ma na yi aiki a cikinsa, a ƙarƙashinka. Na tuna kujera ɗaya a sayar wa mutum biyu, mace da goyo ta ƙare a kan jarka a tsakiyar mota, daga nan har Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, tafiyar kilomita kusan 900 kafin Yamai. Ba zan ce abin da ya tayar maka da hankali shi ne ɗan ƙanenka da ya daɗe yana riƙe da sikelin awon kaya ba. Mutane ne ke faɗa, ni ina kwaɓarsu.

Sai batun ɗan aiken Yamai. A Birni aka yanke mini cibiya, kuma ba sai an koya mini ba cewa tun 1926 da Turawa suka ɗauke babban birni daga nan, daga can ake yanka a miƙo mana. Wanda ya tsara manhajar nan cikin sanyin ofis bai san kwamfuta tana ɗaukar zafi ta mutu a watan Afrilu ba. Da suka ce a ƙona littattafan tikiti na ƙi, na kulle su a kabad. A Agustan 2023, da Nijeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki, su muka fiddo, dattawan nan kuma su suka riƙe tashar, yaran na kallo suna koyo. Ɗan aike ba ya musu da wanda ya aike shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne mun iya kukan Yamai ta manta da mu, ga matatar man SORAZ a bayan gari tun 2011 amma mata na bin ƴan garuwa, ga masu digiri na kwana a fada, majalisar hirar samari, suna shan shayi. Amma da ɗan gida ya tashi gyara ƴar tasha guda, manyan gida ne ke fara ja masa riga.

Ina da roƙo guda. Dattawan nan suna neman a ƙirga musu shekarun da suka wuce, kuma ana buƙatar shaidar wanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa. An buga takardun, suna kan teburina, sa hannunka kawai suke jira. In ƙafa ce ke damunka, ka faɗi rana in aiko mota.

Ɗanka,
shugaban tasha na yanzu, Damagaram.