Waƙoƙin Matan Karkarar Indiya da Gadon da Suke Yafewa

Ya mai girma Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan matan karkara mabiya addinin Hindu a Indiya, waɗanda ake yawan auna 'yancinsu da abin da ke rubuce a kundin doka, alhali waƙoƙinsu sun fi bayyana halin da suke ciki.

Tun 1961 doka ta haramta karɓar dukiya daga iyayen amarya, kuma a 2005 aka gyara dokar gado ta 1956 domin 'ya mace ta samu kaso daidai da ɗa namiji a dukiyar kakanni. Duk da haka, a ƙauyukan jihohin Bihar da Uttar Pradesh, waƙar murnar haihuwa da ake kira sohar a al'adance ɗa namiji ake rera wa, kuma ƙidayar 2011 ta nuna cewa a faɗin Indiya, a cikin yara 'yan ƙasa da shekara 7, mata 919 ne kacal ga kowane maza 1,000.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne waƙoƙin niƙa na jihar Maharashtra, wato ovi, waɗanda masu bincike suka tattara fiye da 100,000. Mace kan zauna gaban dutsen niƙa tun kafin asuba, tana juya shi tana faɗa masa abin da ba za ta iya faɗa a gaban uwar miji ba: nisan gidan iyayenta, da korar da Rama, sarkin nan na tatsuniyoyin addinin Hindu, ya yi wa matarsa Sita tana ɗauke da ciki, da zuba idon da take yi ga ɗan'uwanta ya zo ya ɗauke ta ta je ganin gida.

A ganina, wannan ɗan'uwa shi ne bakin zaren. Macen da aka aurar zuwa wani ƙauye ba ta da mafaka sai gidansa idan aure ya yi tsami, don haka neman kasonta na gona tamkar rufe wa kanta ƙofa ne. Shi ya sa har yanzu mata da yawa a jihar Rajasthan suke sa hannu su yafe wa 'yan'uwansu maza gadonsu, al'adar da ake kira haq tyag, duk da hukuncin Kotun Ƙoli na 2020 da ya ƙara tabbatar musu da wannan haƙƙi.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarka.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum