Dokar wiwi a Tailan da halin da masu shaguna suka shiga

Malam Edita,

Ranar 9 ga Yuni 2022 Tailan ta cire tabar wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi, ba tare da majalisa ta zartar da cikakkiyar dokar sayar da ita ba. A nan matsalar ta samo asali. Dubban shaguna suka buɗe a Bankok, Fuket da Ciyan Mai, suka kama haya mai tsada, manoma suka zuba jari a rumfunan shuka.

A Yunin 2025, kwanaki kaɗan bayan jam'iyyar Bhumjaithai, wadda ta jagoranci halatta wiwi, ta fice daga gwamnati, ministan lafiya na lokacin Somsak Thepsuthin ya sa hannu kan sabon umarni. A ƙarƙashin umarnin, ba a sayar da furen wiwi sai da takardar likita, wadda ba ta wuce maganin kwana 30 ba, kuma dole kayan su fito daga gonar da ke da shaidar GACP, wato ta bin ƙa'idojin ingantaccen noma da girbi. Ƙaramin manomi ba ya da kuɗin neman wannan shaida, mai shagon da ya dogara da 'yan yawon buɗe ido kuwa ciniki ya tsaya masa.

Ba mu goyon bayan shaye-shaye. Amma gwamnatin da ta ba mutane lasisi ya wajaba ta ba su wa'adin sayar da hajar da ke hannunsu kafin ta sauya ƙa'ida.

Wassalam.