Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakatare

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Tarukan wata-wata sun gudana, fuskokin da aka saba gani su ne dai.

Abin da ya fitar da mu kunya bana shi ne laccar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya. Ɗaliban sakandare sun cika ɗakin taro maƙil, sai da muka aro benci a maƙwabta. Malamin da muka gayyato ya tuna mana cewa a 2022, a Montreal ta Kanada, ƙasashen duniya har da Nijeriya sun amince a killace kashi 30 cikin ɗari na tudu da ruwa kafin 2030, alhali namu tudun da aka killace yana wajen kashi 14 ne. Ya kawo misalin gandun Kamuku na Birnin Gwari, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,100, wanda ya koma hannun tarayya a 1999, da sababbin gandaye 10 da aka amince da su a 2020, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina. Nan wata ɗaliba ta miƙe ta ce, to in daji yana ƙaruwa a takarda, buhunan gawayin da ake shigowa da su Kaduna kullum daga ina suke? Tafi ya ɓarke. Malam bai yi kwana-kwana ba, ya ce killacewa ba tsaro suna ne kawai. Allah ya saka wa matan ƙungiya da suka ɗauki nauyin kunu da ƙosai daga aljihunsu.

Masu tambaya a WhatsApp me ya hana mu kai ziyara Kamuku: ba lalaci ya hana ba. Kowa ya san halin hanyar Birnin Gwari, kuma iyaye sun ƙi ba da 'ya'yansu. Ba mu ga laifinsu ba.

Wurin renon dashe kuwa yana nan ba shinge, awaki sun cinye ɗorawa da maɗacin da muka shuka. Kuɗin wayar shinge daga kuɗin wata-wata da muke biya zai fito, fiye da rabinmu kuma ba su biya ba. Ma'aji ya yi kira har ya gaji, wasu sun daina ɗaga wayarsa, amma ranar ɗaukar hoto su ne a sahun gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kwamiti ya yanke cewa duk wanda bai biya bashinsa ba kafin babban taro, ba shi da ƙuri'a. A tuntuɓi ma'aji bayan la'asar.