Kafin ka ce wa mutum "nemi littafin nan ka karanta"

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu kan yadda mu masu karatun nishaɗi muke yi wa juna tallar littafi. A majalisun Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Kawo, za ka ji wani ya ce, "Wallahi littafin nan ya haɗu, ka nemo shi." Iyakar bayanin ke nan. Wanda aka ba shawarar ya shiga Kasuwar Sheikh Gumi yana bin shaguna, ya dawo hannu rabbana, ko ya dawo da wani littafin daban mai irin wannan suna.

Sunan littafi ba ya tafiya shi kaɗai, sai da sunan marubuci, domin labaran soyayya suna yawan haɗa suna. Amma inda aka fi shan wahala shi ne adadin kashi. Yawancin labaran da suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980 sun fito ne kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu, kuma marubutan ne suke bugawa da kuɗin aljihunsu. In bugu ya ƙare ba lallai a sake ba. Sai mutum ya sayi na ɗaya da na biyu, labari ya yanke masa a daidai inda ya ɗau zafi, na uku kuwa ya ɓace daga kasuwa tun shekaru. Don haka mai ba da shawara ya faɗi kashi nawa ne, mai saye kuma kada ya biya sai an jera masa su duka a gabansa. Ya buɗe shafin ƙarshe na kashin ƙarshe. In ya ga "Tammat" ko "Ƙarshe", to. In ya ga "mu haɗu a littafi na gaba", ya mayar da kuɗinsa aljihu. Ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam littafi uku ne, kuma gidaje da yawa na ɗaya kawai suke da shi.

A tsaye a shagon ma a bi lambobin shafuka da yatsa. Ana buga littafi ne a manyan takardu da ake ninkewa, sau da yawa shafi 16 a ninki ɗaya, shi ya sa a bugun sata za ka ga an tsallake daga shafi na 32 zuwa na 49, ko wani ninkin ya maimaitu. A duba kuma ko akwai ƙ, ɗ da ɓ. Babba zai gane "kasa" daga "ƙasa" ta ma'anar jimla, yaro mai koyon karatu ba zai gane ba.

Sai a dubi wanda ake ba shawarar. Mutumin da rabonsa da littafi tun sakandare, kada a ɗora masa mai kashi huɗu. Littattafan da suka fito daga gasar rubutun labaran Hausa da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933 gajeru ne, zama biyu ko uku an gama. Mai son dariya a ba shi Ruwan Bagaja. Mai son labari mai nauyi a ba shi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya taɓo zamanin bauta da ƙetare hamada. Yaron da hankalinsa ke kan sararin samaniya, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya dace da shi. Mai bin siyasa da harkar fasa-ƙwauri ya nemi Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Yawancin waɗannan bugun NNPC ne ta Zariya, kamfanin ɗab'i nake nufi, ba na mai ba. Mai neman tsofaffin rubuce-rubucen tarihin Arewa kuwa ya leƙa ɗakin karatu na Arewa House a Titin Rabah.

Bayanin labari kada ya wuce jimla uku ko huɗu: waye, a ina, wace matsala ta same shi, sai a ja baki. Wanda ya faɗi wanda aka aura a ƙarshe ya kashe kasuwar littafin. Aibi kuma a faɗe shi. In tsakiyar labarin tana jan ƙafa, a ce haka, don mutum ya daure ya wuce wurin. In akwai batsa, musamman a wasu labaran intanet, wajibi ne a faɗa, domin waya ɗaya takan zagaya hannun yaran gida duka. Fayilolin da ake turawa a WhatsApp ma sau da yawa an goge sunan mai su, ga su guntaye. Gara a faɗi sunan marubuciyar da yadda ake biyanta.

Ga masu kukan tsada akwai adashin littafi. Mutum takwas, kowa ya sayi guda daban da na saura, a yi musanye duk mako biyu. Cikin mako 16 kowa ya karanta takwas da kuɗin ɗaya. In an wuce mutum goma zagayen yakan yi tsawo, zumuɗi ya mutu. Mutum ɗaya ya riƙe ɗan littafin rajista: suna, littafi, ranar karɓa, ranar dawowa. Abin da ya fi rusa irin wannan tsari shi ne aron aro, a ba ka, ka ba ƙanwarka, ita ta ba ƙawarta a islamiyya. Tun ranar farko a hana shi, a kuma amince cewa wanda ya ɓatar zai sayo sabo kafin ya karɓi na gaba.

Daminar Kaduna ba ta raga wa takarda. A naɗe bangon littafi da tsohuwar kalanda, a ajiye littafi nesa da ƙasa da jikin bangon ɗaki saboda danshi da gara. In ya jiƙe kada a shanya shi a rana, zai kanannaɗe. A sa farar takarda tsakanin shafukan, a riƙa sauya ta, a danne da abu mai nauyi a inuwa. Shafin da ya yage a liƙa shi da gam da siririyar takarda, salatif yakan yi rawaya ya ɓare da rubutun.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku ware mana fili ko kamar tafin hannu ne duk mako, masu karatu su riƙa aiko da abin da suka gama karantawa cikin kalmomi 100. Wanda bai sa sunan marubuci, adadin kashi da inda ya sami littafin ba, a mayar masa ya cike.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku,
Unguwar Sanusi, Kaduna