Kayan Yau da Kullum a Cikin Ƙagaggen Labarin Rayuwar Marubuci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu sharhin adabi kan wani abu da sukan tsallake idan suna nazarin littafin da marubuci ya gina a kan rayuwarsa, wato ƙananan kayan da ke bayyana a cikin labarin, kamar makulli ko madubi ko tsohuwar akwati.

Wanda yake ba da labarin kansa yakan ji nauyin fitowa fili ya ce ya yi kewar mahaifinsa, don haka sai ya ɗora wannan kewa a kan agogon da mahaifin ya bari, ya riƙa komawa gare shi babi bayan babi har mai karatu ya fahimci abin da bakin marubucin ya kasa furtawa. Camara Laye na ƙasar Gini ya yi haka a littafinsa L'Enfant noir na shekarar 1953, inda ya rufe labarin da taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Faris a aljihun saurayin da ke barin gida, kuma wannan takarda kaɗai ta isa ta nuna girman rabuwar.

Sai dai a ganina wasu masu sharhi suna wuce gona da iri, suna laƙaba wa kowane cokali ma'ana. Abin da ya cancanci a kira shi alama shi ne wanda ya maimaitu, kuma matsayinsa ya sauya yayin da mai labarin yake girma.

Naka,
Wani mai karatu