Minshari Mai Yanke Numfashi Cuta Ce Da Ke Buƙatar Ƙwararren Likita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in ja hankalin masu karatu da ma'aikatan lafiya kan wata cuta da ake mayarwa abin dariya, alhali tana cin jikin mutum a ɓoye. Ina nufin minsharin nan mai ƙarfi da kan tsaya cak, a ji shiru, sannan mai barcin ya zabura yana fizgar numfashi.

Idan barci ya yi nauyi, tsokokin maƙogwaro sukan saki, harshe da ɓangaren ganɗa mai taushi su koma baya su toshe hanyar iska. Sai iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum don ya numfasa, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Likitoci suna ƙirga duk tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10: daga sau 5 zuwa 14 a cikin awa ɗaya cutar mai sauƙi ce, sau 30 ko fiye kuwa ta yi tsanani. Wani nazari da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta wallafa a 2019 ya kiyasta cewa mutum kusan miliyan 936, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da ita a duniya.

Abin da ya fi damuna shi ne mai cutar ba ya ganin cutarsa. Abin da ya sani kawai shi ne ciwon kai da safe, yawan tashi fitsari da dare, mantuwa, da gyangyaɗin da ba ya barinsa ko a wurin aiki ko a bakin tuƙi. Yakan je asibiti shekara da shekaru ana ƙara masa maganin hawan jini, jinin ya ƙi sauka, ba wanda ya tambaye shi yadda yake barci. Wani kuma ya nemi ƙwayar barci da kansa, wadda ke ƙara sakin maƙogwaron. A haka haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki yake ƙaruwa.

Cutar kuwa tana da magani. Ƙwararren likitan huhu da barci yakan sa a yi gwajin dare guda, a auna numfashi da bugun zuciya da yawan oksijin a jini. Idan ta tabbata, akwai na'urar CPAP, wadda Farfesa Colin Sullivan na Jami'ar Sydney a Ostareliya ya bayyana wa duniya a 1981; tana hura iska a hankali ta abin rufe hanci, hanyar numfashi ta zauna a buɗe har gari ya waye. Rage ƙiba, barin taba da barasa, da kwanciya ta gefe maimakon rigingine duk suna taimakawa, wasu kuma sai an yi musu aiki.

Ina kira ga duk wanda ke kwana kusa da mai irin wannan minshari, miji ne ko mata ko ɗan'uwa, da ya raka shi asibiti ya faɗa wa likita abin da kunnensa ya ji. Su kuma likitocin da ke duba masu hawan jini da masu ciwon suga, ina roƙonsu su riƙa tambaya game da barci, su tura wanda suke zargi wurin ƙwararre tun da wuri.

Na gode.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka